Buldog Ɗan Faransa a Gidan Musulma: Ƙaiƙayinsa, Rashin Jinsa da Amanar da Ke Wuyanmu

  

A wannan wata za mu taɓo wani batu da na san wasu za su riƙe baki su ce, me ya haɗa mujallar matan Musulmi da maganar kare? Abin da ya haɗa mu shi ne, karen ya riga ya shigo wasu gidajenmu, kuma idan ya shigo, ɗawainiyarsa ba ta ƙarewa a kan kowa sai uwargida. 'Yan uwanmu da ke aure a Ingila da Amurka sun san yadda yara kan matsa sai an karɓo musu ɗan kare kamar na maƙwabta. Mu ma nan gida, a manyan birane irin su Abuja da Legas, akan wayi gari maigida ya shigo da wani ɗan guntun kare mai murtukakkiyar fuska da kunnuwa a tsaye kamar na jemage, ya ce abokin aikinsa ne zai bar ƙasar ya bar masa, ko kuma kyauta aka yi masa. Ba a mako biyu sai gida ya rikice: kare yana susa dare da rana har yana fitar da jini, yana fitsari a falo, yana cinye takalman yara, ga kuka da zarar an bar shi shi kaɗai. Daga nan sai duka, sai ɗauri a rana, sai rigima tsakanin mata da miji.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, yawancin abin da muke kira rashin ji a wurin wannan dabba, ciwo ne da tsoro. Sai an magance jikin kafin a gyara halin.

Mu fara da addini

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ladansa yana raguwa kullum, haka nan mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗancan dalilai. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 bin umarni ne kawai, alhali a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya najasa ce.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, buldog ɗan Faransa ba karen gadi ba ne, ba na farauta ba ne. Karen hira ne da zaman cinya. Don haka wadda bai shigo gidanta ba, shawarata ita ce kada ta yarda a sayo. Wadda kuma ya riga ya shigo, ta tuna cewa addinin da ya yi wancan hani shi ne ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Muddin yana ƙarƙashin rufinki, amana ce, har ranar da za ki miƙa shi ga wanda zai riƙe shi.

Wane irin kare ne?

Asalinsa daga Ingila ne. A tsakiyar ƙarni na 19, masu saƙa leshi na birnin Notingham da injina suka ƙwace wa sana'a sun yi ƙaura zuwa arewacin Faransa tare da ƙananan karnukansu. A can aka ci gaba da haɗa irin har ya zama abin yayi a Faris. Nauyinsa tsakanin kilo 8 ne zuwa 14. A shekarar 2022 ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka, inda ya ture Labrador wanda ya shafe shekara 31 a matsayi na ɗaya.

Sai dai kyan da ake saye dominsa shi ne ciwonsa. An yi ta zaɓen masu gajeren hanci har ƙofofin hancin suka ƙuntata, hanyar numfashi ta matse, fatar fuska ta ninke. Shi ya sa yake minshari ko idonsa biyu, kuma yawancin matansu ba sa iya haihuwa sai da tiyata. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2021 ya nuna cewa sun fi sauran karnuka fama da ƙuncin hanci, da wahalar numfashi, da ciwon kunne, da ciwon fata a cikin ninki. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙaiƙayi: daga ina?

Kafin komai, a cikin makon farko a kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai na gwamnatocin jihohi, akwai masu zaman kansu. Ki nemi katin allurarsa daga hannun wanda ya ba ku, ki tambayi abincin da ya saba ci da magungunan da aka taɓa ba shi. Likita zai kankari fatar ya duba ko ƙazwa ce ko makero, domin su ma suna kawo susa, kuma makero yana kama yara.

Idan ba su ba ne, to borin jini ne, wanda likitoci ke kira alaji, wato jiki ya ɗauki abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba. A wurin mutum yakan fito da atishawa da hawaye, a wurin kare kuwa a fata yake fitowa: lasar ƙafafu har gashin ya rine, jan ciki da hammata, goga fuska a ƙasa, kaɗa kai da warin kunne. Manyan tushensa uku ne.

Na farko ƙuma. Karen da jikinsa ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci kwanaki, musamman a gadon baya kusa da wutsiya. Rashin ganin ƙumar da ido ba ya nufin babu ita. A nemi maganin ƙuma da kaska daga likita, a riƙa ba shi a kan lokaci ba fashi, a wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi duk mako. Idan akwai kyanwa a gidan ita ma a yi mata nata, amma a kula ƙwarai: wasu magungunan ƙumar kare suna kashe kyanwa.

Na biyu abin da ke cikin muhalli: ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani masu zama cikin ƙurar katifa da kafet, da garin furen ciyayi, da fumfunar damina. Wannan yakan fara bayyana ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 3, kuma ba a warkewa daga gare shi, lallaɓawa ake yi har ƙarshen rayuwa. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna ƙara masa. Abin da ke taimakawa shi ne goge masa ƙafafu da ciki da jiƙaƙƙen tsumma duk lokacin da ya dawo daga waje, da wanka sau ɗaya a mako da sabulun da likita ya rubuta, a bar kumfar kamar minti 10 kafin a ɗauraye. Turaren wuta da maganin sauro na feshi ko na ƙonawa, a nisanta su da wurin kwanansa.

Na uku abinci. Waɗanda aka fi samu da laifi su ne naman shanu, madara, kaza da alkama. Gwajin jini ko na gashi ba ya tabbatar da wannan. Hanyar da likitoci suka yarda da ita ita ce a ɗora shi a kan abinci guda wanda bai taɓa ci ba, misali zomo da dankali, ko wani abinci na musamman da likita zai rubuta, na tsawon mako 8. A cikin wannan lokaci ko loma ɗaya ta wani abu kada ta shiga bakinsa. Idan susar ta lafa, sai a mayar masa da tsohon abincin. Idan ta dawo cikin mako biyu, an kama mai laifi. A nan ne aikin uwargida yake, domin guntun biskit ɗin da autanki zai jefa masa a ɓoye ya isa ya rushe haƙurin mako shida. Ki tara yara da 'yar aiki da maigadi ki yi musu bayani.

Akwai magungunan da ke kwantar da ƙaiƙayi. Akwai ƙwayar Apoquel wadda ba a ba karen da bai kai shekara ɗaya ba, akwai allurar Cytopoint da kan yi aiki mako 4 zuwa 8, akwai kuma firedinisolon mai araha, wanda ake bayarwa na ɗan lokaci saboda illarsa idan aka daɗe a kai. Duk likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. Sannan kullum a buɗe ninkin fuskarsa da na ƙarƙashin wutsiya a goge, a busar sosai, domin damshi da ɗumi a nan ne ƙwayoyin cuta ke samun gida.

Abubuwan da ba a yi

Kada a shafa masa baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin ƙwarin gona. Yana lasar jikinsa, guba ce kai tsaye. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen ɗin da ke cikin durowarki, suna lalata hanta da ƙoda. Kada a zuba masa ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga shi miyarmu ba ta rabo da su. Inabi da zabibi suna kashe masa ƙoda. Cakulan da goro da gahawa suna tayar masa da bugun zuciya. Dafaffen ƙashin kaza kuwa yakan tsage ya huda hanji.

Zafi ne babban maƙiyinsa

Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa. Wanda hancinsa ya toshe kuwa hakin ba ya isarsa. A ƙasar da zafin Afrilu kan haura digiri 40, ɗaure buldog a tsakar gida da rana daidai yake da yanke masa hukuncin kisa. A fita da shi bayan asuba da kuma dab da magariba, minti 15 zuwa 20 sun wadatar. A sa masa ɗamarar ƙirji maimakon igiyar wuya, saboda kada a ƙara shaƙe shi. Kada a bar shi cikin mota ko na minti biyar. Idan kika ga yana haki mai ƙara, harshe ya yi ja sosai ko shuɗi, yana dalala yana tangaɗi, ki kai shi inuwa, ki kwarara masa ruwa mai sanyi, ki kunna fanka, sannan a garzaya asibiti. Kuma bai iya iyo ba saboda nauyin kansa, don haka a rufe rijiya da tankin ƙasa.

Sai maganar hali

Ki duba lamarin ta wurinsa. An raba shi da gidan da ya sani da muryoyin da ya saba, an kawo shi inda ƙamshi da harshe da dokoki duk baƙi ne, ga jiki yana ci kamar an zuba masa ƙaiƙayin ƙoshiya. Ko ɗan mutum aka yi wa haka sai ya yi rigima. Yakan ɗauki makonni kafin ya saki jiki, wani ma sai watanni. Sau da yawa idan susa ta lafa ya samu barci, rabin fitinar takan tafi da kanta. Karen da ke kai cizo idan an taɓa kansa, a duba kunnensa. Wanda ke ƙara idan an ɗaga shi, a duba bayansa, domin wannan iri yana yawan samun ciwon ƙashin baya. Idan ƙafafun baya suka saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne tsari. Lokacin ci ɗaya, lokacin fita ɗaya, wurin kwana ɗaya. Mu da salloli biyar suka riga suka tsara mana yini, wannan ba zai yi mana wuya ba. Kada a canza masa suna da abinci a rana guda. Idan ba likita ne ya ce a canza nan take ba, a riƙa gauraya sabon abincin da tsohon har kwana 7.

Game da fitsari da kashi, a fitar da shi wuri guda da aka ware da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa. Yana gamawa a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa nan take, domin kare ba ya haɗa lada da aikin da ya wuce da minti biyu. Haka ma hukunci. Idan kika tarar da ɓarnar da ya yi da safe kika doke shi da yamma, abin da ya koya kawai shi ne hannunki abin tsoro ne, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. A wanke wurin sosai har warin ya fita, in ba haka ba zai koma.

Taune-taune kuwa, a kwashe takalma da wayoyin caji daga inda zai kai, a ba shi abin taunawa na roba mai ƙarfi wanda aka yi don karnuka. Idan yana tsalle a jikin mutane, musamman mai alwala da kayan salla, a juya masa baya ba magana, sai ƙafafunsa huɗu sun sauka sannan a kula shi. A koya masa "zauna" da "zo" da "bari", minti 5 sau biyu ko uku a yini, kuma kowa a gidan ya yi amfani da kalma iri ɗaya. Idan yana cikin gwajin abinci, ladan horon ma daga wannan abincin za a ɗiba.

Kukan kaɗaici shi ne mafi wuya, domin an ƙirƙiro wannan iri ne don zama da mutane. A fara barinsa na minti ɗaya, a dawo kafin ya fara kuka, a ƙara zuwa biyar, zuwa goma, a hankali har ya gane cewa wanda ya fita zai dawo. Ban da dogon sallama, ban da hayaniyar tarba.

Yaranki su ne gaba

Kada a taɓa barin ƙaramin yaro da kare su biyu, komai sabo. A hana yara zuwa kusa da shi idan yana ci ko yana barci, a hana jan kunne da runguma. Idan ya yi gurnani kada a doke shi, gurnani gargaɗi ne, karen da aka hana gargaɗi kuwa sai dai a ji cizo kawai. Idan yana gurnani a kan kwanonsa, a ba shi abinci a wurin da ba kowa, sannan a gaya wa likita.

Allurar rigakafin ciwon haukan kare wajibi ce, ana fara ta daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ban da jiran gani, ban da tsayawa a kan maganin gargajiya, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan ba a tsira.

Haka kuma ki lura da yaranki. Idan tun zuwan karen wani ya fara atishawa, ko jan ido, ko tarin dare, ko asmarsa ta tashi, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita akwai kare a gida. Gajeren gashi ba ya hana wannan, domin abin yana cikin yawu da ɓawon fatarsa ne. Idan aka tabbatar daga karen ne, babu dogon lissafi, numfashin ɗanki ya fi.

Iyaka da mafita

Ga inda gizo ke saƙar. Mu ba za mu sa shi a ɗakin kwana ko wurin salla ko kicin ba, shi kuma ba zai rayu a rana ko cikin kaɗaici ba. Mafitar ita ce a ware masa wuri a wajen ɗakunan zama, kamar baranda mai rufi ko wani ɗaki a baya, mai inuwa da iska da fanka, da ruwan sha kullum, da kwanukansa na kansa waɗanda ba a haɗa su da na gida, sannan a samu mai ba shi lokaci safe da yamma. Ki zauna da maigida cikin ladabi ku yi lissafin kuɗin abinci da magani da allurai na wata guda, ku kuma tsayar da wanda zai riƙa wanka da fita da shi. Wanda ya kawo shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma, ba a jibga wa uwargida da 'yar aiki ba.

Idan kun duba kun ga ba za ku iya ba, wannan ba abin kunya ba ne. A mayar wa wanda ya bayar, ko a nemi likitan dabbobi ya haɗa ku da mai iya riƙewa, a kuma gaya masa gaskiyar ciwon da halin, kada a ɓoye aibi. 'Yan uwa na Ingila da Amurka su tuntuɓi cibiyar da suka karɓo shi, yawancinsu suna karɓar abinsu. Abin da bai halatta ba shi ne a kai shi bayan gari a saki. Karen da ba ya iya numfashi sosai, ba ya iya farauta, ba ya jure rana, sakinsa kisa ne na wulaƙanci. Kuma yaranmu suna kallo. Yadda suka ga mun yi da dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, haka za su koyi yi da duk mai rauni da ya faɗo hannunsu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sanya tausayi a zukatanmu da na zuriyarmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.